Hanyar Rumfar Huguette

Duk mai hawan babur ɗin da ke tafiya kan dusar ƙanƙara a dajin Lac-Saint-Jean, can yankin Kebek, ya san Huguette Boivin, in bai san sunanta ba, ya san miyar wakenta. Rumfarta ta katako tana can ƙuryar daji inda mota ba ta zuwa. Sai dusar ƙanƙara ta sauka, ƙungiyar masu babur ta share hanya ta daddaɓe ta, sannan mutane su fara ɓullowa, gemu duk ƙanƙara, suna bubbuga ƙafa a bakin ƙofa. Masifaffiya ce ta gaske. Ka shanya jiƙaƙƙiyar safarka kusa da tukunyarta, ka sha zagi har ka ƙoshi, sannan ta ƙara maka ludayi guda. A haka ta tsufa. Da bazara kuwa tana zaune a gari kamar baƙuwa, ba abin da take yi sai kewar ƙarar injin daga nesa.

Abin da ke riƙe hanyar shi ne kuɗin takardar izinin hawa. Da shi ake sayen mai, da shi ake gyaran motar sharar hanya. To kuɗin ya yi ta hawa, lokacin sanyin kuma ya yi ta gajarta. Wa zai zuba ɗaruruwan daloli a kan dusar da ba ta yi alkawarin zuwa ba?

Shi ya sa Huguette ba ta fashin zuwa baje kolin babura na birnin Kebek kowace kaka. Ba babur take kallo ba, ba ta ma iya hawa. A nan ake sayar da takardar da rangwame kafin sanyi, ita kuma layin masu saye take dubawa. In ya yi tsawo, ta koma ta sayi buhunan wake.

Bana ba layi. Rosaire Dallaire, shugaban ƙungiyar, yana zaune shi kaɗai yana ta jera taswirori da suke a jere. Tun yana ɗan saurayi yake cin miyarta.

"Kai Rosaire, kasuwar ce ta watse ko ba ta ci ba tukuna?"

"Yaya Huguette, sannu da hanya. Zauna mana."

"Ban zo zama ba. Ku kuka tsawwala kuɗi, ga shi kun kore min masu ci."

"Wallahi mai ne, Yaya. Ko kuɗin mai ba ma haɗawa."

Ta zari taswirar bana, ta gyara tabarau, ta bi jan layin hanyar da yatsa har mararrabar da ake ratsewa zuwa wajenta. Reshen da ke zuwa rumfarta babu shi. Ta sake bi a hankali, ko idon ne. Fari fat.

"Mai buga muku taswira ya yi mantuwa."

Rosaire ya sunkuyar da kai. "Ba mantuwa ba ce. Reshen ya yi nisa, ba za mu iya share shi ba bana. Na yi ta musu da sauran 'yan ƙungiya, aka rinjaye ni."

Ya jira zagi, har so yake a zage shi. Ba ta zage shi ba. Kewa ce ta taso mata ta cika ƙirjinta, ta warin rigunan da suka jiƙe, da hayaniya, da ƙofar da ba wanda ya iya rufewa.

"To shi ke nan," ta ce. "Abu guda nake roƙo. Allon nan na mararraba mai sunana, ku bar shi. Wata rana wani zai gani ya tuna."

"Yaya..." Ya share fuska da tafin hannu. "Dole aka cire, kar wani ya bi hanyar da ba a share ba ya maƙale. Yana bayan motata. Na ce gara in kawo miki da hannuna."

Ta ninke taswirar ta mayar masa kan tebur.

"Tashi mu je ka ba ni abina."