Shikulu Kapembwa da Baƙin Wake

Shikulu Kapembwa ya tsufa yana riƙe da ƙofar zauren 'Yan'uwan Dogo, har ƙofar ma ta fara ƙara irin ta gwiwarsa. Ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka gina zauren a garinmu, zamanin da Turawa ba sa barin baƙin mutum ya leƙa kulob ɗinsu. Nan ake shirya jana'izar ɗan'uwa, nan ake shan munkoyo, abin shanmu na masara, ana zagin shugaban tasha. Daga baya mutuwa ta yi ta ɗiba, sai su uku suka rage: shi, da Lwando shugaba, da Sikazwe wanda duk gudummawarsa a taro tari ce.

Filin na majalisar gari ne, ranar da ƙungiya ta ƙare majalisar za ta karɓe zauren. Abin da ya hana Kapembwa sukuni ke nan. Ya bi shago-shago yana farautar sababbin 'yan'uwa, har ni mai gyaran keke bai raina ba.

To amma shiga sai da ƙuri'a. Akwai akwati mai rami, da kwanon wake. Kowa ya juya baya ya jefa ɗaya: fari a karɓe ka, baƙi guda tak a sallame ka. Kuma an yi rantsuwa ba a tambayar wa ya jefa me.

Na ci kwalliya na je. Baƙin wake. Malamin makaranta ya je. Baƙin wake. Har limamin coci bai tsira ba.

Kapembwa ya tare Lwando a bakin ƙofa, rantsuwa ko oho.

"Kai ne, tsohon kwarto! So kake a binne ka da zauren?"

"Ni?" in ji Lwando. "Kai da kake kwaso mana masu facin taya? Wa ya sani ko kai ke jefawa don kada a karɓe maka makulli?"

"To mu zubar da baƙin waken mana, a huta!"

"Ka taɓa kwanon nan, Shikulu, in ci ka tara a gaban jikokinka."

Sikazwe ya yi tari.

Haka suka yi ta gaba, ko tuwon nshima ba sa ci a kwano ɗaya, har Sikazwe ya rasu. A wurin makoki 'yarsa Namwinga ta durƙusa gaban Kapembwa tana godiya.

"Shikulu, Baba ya so ƙungiyar nan. Ko da idonsa ya tafi, bai yarda ku sani ba. Kullum ya dawo sai ya ce yau ma ya jefa wa mai neman shiga babban wake, amma wani mugu ya hana."

"Wane babba?"

"Ya ce da lalube yake ganewa. Babba ai shi ne na amincewa."

Farin waken ƙanana ne. Baƙin, kowanne kamar babban yatsa.

Kapembwa ya miƙe tsakiyar masu kuka, ya kamo ni da hannu ɗaya, ya kamo Lwando da ɗayan. "Taso, yau za mu shigar da yaron nan!"

Lwando ya zare hannunsa a hankali. "Ɗan'uwa, ƙuri'a ba ta halatta sai da mutum uku."

Kapembwa ya dube shi, ya dubi akwatin gawa, ya ce, "To a jinkirta binnewar mana."

Ba wanda ya yi dariya. Aka ɗauki gawa muka bi.