Jan Zakaran Gindin Tsamiya

Shekarun baya can, ƙasar nan ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, na ga an soya zakara da saurin da har yau ban sake ganin irinsa ba. Masu yawan tambayata a nan yadda nake sauke soyayyar kaza kafin baƙo ya gama gaishe-gaishe, to ga inda na samo abin. Ba wajen mahaifiyata na koya ba, wajen mahaifiyarta ne.

Kakata Bamagujiya ce, a wani ƙauyen manoma da ke bayan Bakori, inda ake bin addinin kaka da kakanni. Mahaifiyata ta bar gidan tun tana budurwa, ta zauna hannun gwaggonta da ke aure a cikin gari, a can ta musulunta, a can kuma mahaifina ya gan ta. Shi ɗan kasuwa ne mai sayen auduga da gyaɗa, mutum ne mai tsantseni a kan abin da zai shiga cikinsa. Ni kuwa a lokacin yarinya ce mai shegen tambaya. Mahaifiyata kan ce da tambaya noma ce, da ni kaɗai na ciyar da gidanmu.

Duk lokacin girbi akan kai ni wajen kakata in yi 'yan makonni, idan mahaifina ya fito sayen auduga ya biya ya ɗauke ni. Yana girmama ta ƙwarai. Zai tsaya a ƙofar gida gindin ɗorawa, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta, ita kuma ta amsa daga bayan danga saboda kunyar surukai. Amma tun da ya auri 'yarta bai taɓa sa lomar gidan a bakinsa ba. Ba ya cin yankansu, kuma yana ƙyamar tukwanensu don a cikinsu ake dafa giya da naman daji. Ko me aka kawo masa sai ya yi godiya ya ce a ƙunshe masa, idan muka hau mota ya miƙa wa karen mota. Ni na sha gani da idona. Na ɗauka kakata ba ta sani ba, ashe ni ce ban san komai ba.

A shekarar da nake ba ku labari, ya iso da hantsi a motar auduga. Motar ta sauke shi ta wuce ƙauyen gaba yin lodi, direba ya ce da ya dawo zai yi hon sau ɗaya, ba zai jira kowa ba, don yana so ya isa Funtua da rana. Maza duk suna gona wajen ɗaurin dawa, har da kawuna, wanda shi ne maigida tun rasuwar kakanmu. Gidan daga ni sai tsohuwa.

Da suka gama gaisawa na shiga haɗa 'yan tsummokaraina. Ina fitowa na tarar ta ɗora ruwa a murhu, ta cusa karan dawa, wuta na ci bal-bal.

"Ke 'yar birni, ajiye ƙunshin nan ki kamo mani kaza," in ji ta.

Na ce, "Kaka, ai kin san Baba ba ya..."

"Na tambaye ki mi babanki ke yi? Kaza na ce."

Wanda bai taɓa bin kazar ƙauye da rana a lokacin girbi ba, bai san wulaƙanci ba. Duk sun bazu cikin gona suna kala, sun ƙoshi, sun yi ƙarfi. Na bi wata wake-wake har bayan rumbu, ta bi ta tsakanin ƙafafuna. Na bi wata baƙa, ta tashi sama ta dira a kan danga tana kallona. A ta uku na ci ƙasa, zanina ya yi nasa wuri. Na dawo ina haki hannu rabbana, ga ruwa ya fara tafasa.

Kakata ta dube ni, ta dubi rana, sannan ta juya ta dubi tsamiyar da ke ƙuryar gida. A gindinta akwai wani jan zakara ɗan bana, ɗaure da igiya a ƙafa. Kowa a gidan ya san shi. Kawuna ne ya ware shi tun yana ɗan tsako domin iskar da gidan ke yi wa yanka, idan an gama zuba dawa a rumbu a zubar da jininsa a gindin tsamiyar. Ko tsakuwa ba a yarda yaro ya jefe shi da ita ba. Ni kaina na sha zama daga nesa ina leƙensa, ina so in ga ko yana da wani abu da ya bambanta shi da sauran zakaru. Ban ga komai ba sai cin tsiya.

Kakata ta tafi kai tsaye ta kwance shi. Sannan ta tsaya gaban itacen ta yi magana kamar mai yi wa maƙwabciya bayani.

"Kin ci bara, kin ci bara waccan, tun ina amarya kike ci a gidan nan. Mijin ɗiyata bai taɓa ci ba. Bana sai ki yi haƙuri."

Na ce, "Kaka, in ta yi fushi fa? Kawu fa?"

"Aradu, ke da tambaya! In ta yi fushi ta san ɗakina. Kawunki kuwa ni na haife shi. Kai ma babanki, ki ce ya yanka da hannunshi, da wuƙarshi."

Na rungumi zakaran na fita. Mahaifina ya dubi jan gashin, ya dubi guntun igiyar da ke ƙafarsa. Mutumin da ya shekara da shekaru yana yawo a ƙauyukan nan ba ya bukatar a yi masa fassara.

"Daga ina aka kwanto wannan?"

Bakina ba shi da linzami, ko da yana da shi ban iya yi masa ƙarya ba. Na ce, "Daga gindin tsamiya."

"An yi wani abu a kansa?"

"A'a, sai an gama shigar da dawa."

"Ita ta ce ki kawo mini?"

"Ita ta kwance shi da kanta."

Ya ci gaba da kallon zakaran har na fara jin nauyinsa a hannuna. Na zuba wa fuskarsa ido ina so in karanta abin da ke ciki, ban samu ko harafi ba. Can sai ya miƙe, ya zaro wuƙarsa, ya fuskanci gabas, ya ce in riƙe fukafukan da kyau. Ya yi bisimilla ya yanka. Da jinin ya gama tsiyaya ya ce, "Kai mata." Ni kuwa na san yanka daban, ci daban.

Daga nan ne na ga aiki. Ta tsoma shi a tafasasshen ruwa ta fitar, muka hau figa hannu huɗu. Ta babbaka shi a harshen wutar kara, ta wanke, ta fasa ciki. Ba ta yi manyan yanka irin na gidan biki ba, gaɓa-gaɓa ta bi, ƙanana, kowane yanki ta tsaga shi har ƙashi ta bubbuga da bayan wuƙa. Ta aike ni na tsinko ɗanyar gwanda, ta karce bayanta, ta shafe naman da farin ruwan da ke fita. Na tambaye ta amfaninsa, ta ce shi ke karya wa zakara taurin kai. Kafin in sake buɗe baki ta turo mini turmi, na daka citta da masoro da kanumfari da barkono da gishiri, ta murje naman da su.

Sai ta shiga ɗaki ta fito da wata sabuwar tukunya wadda ko baƙin wuta babu a gindinta. Na san tukunyar. Tun zuwana na farko nake ganinta kife a bayan gadonta, na tambaya har na gaji, kullum amsar ita ce ba ta yara ba ce.

"Je ki nuna mashi," ta ce. "Ya duba cikinta da kyau. Ko ruwa ba ta taɓa gani ba."

Na kai, ya duba, ya sunkuyar da kai. A ranar na gane wa aka ajiye wa tukunyar duk shekarun nan, na kuma gane ta san inda ƙunshinta ke ƙarewa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ta haɗa dahuwa da suya. A gidanmu sai an tafasa kaza ta nuna, a tsame, a tsane, sannan a ɗora mai. Ita kuwa ta zuba naman, ta yanka albasa, ta zuba ruwa ludayi guda, ta kwarara man gyaɗa a kai lokaci ɗaya, ta rufe, ta ce in yi ta cusa kara kada wuta ta huta. Na ce ai ruwa da mai ba sa shiri. Ta ce ba shiri take so su yi ba, so take ɗaya ya gama aikinsa ya ba ɗaya wuri. Ruwa zai dafa ya ƙone, mai yana nan yana jira. Ba ta buɗe tukunyar ko sau ɗaya ba, ta dai karkata kai tana saurare. Da ɓararrakar ruwa ta koma ƙarar suya sai ta ɗage murfi, ta juya, ta sake juyawa. Ƙamshi ya cika gidan, naman ya yi ja yana ƙyalli.

Tana cikin kwashewa muka ji hon daga bakin hanya.

Hannunta ya tsaya a sama da ludayi. Na ga kafaɗunta sun sauka. Ta ajiye akushin da ta wanke, ta jawo ganye ta fara ƙunshewa kamar yadda ta saba. Tausayinta ya kama ni har na ji ƙwalla. Ta taɓa abin da ba a taɓawa, ta jawo wa kanta faɗa da ɗanta, duk don karen mota ya lashe yatsu.

Sai muka ji muryar mahaifina daga ƙofar gida, ya ɗaga ta yadda za ta wuce danga, abin da bai taɓa yi ba a gidan surukai.

"Ruga ki ce wa direba ya wuce, Allah ya kiyaye hanya. In kin dawo ki ce wa Inna a zubo mini a akushi, da ruwan wanke hannu."

Ban san lokacin da na kai bakin hanya na dawo ba. Na kai masa akushin, ya gyara zama a kan buzunsa, ya yi bisimilla ya sa hannu. Ranar a ƙafa muka koma Bakori, ina tafe ina mita, ƙafafuna suka yi bororo. A hanya na tambaye shi ko malamai za su ce ya halatta. Ya ce da hannunsa ya yanka, da sunan Allah ya yanka, sauran kuma in bar shi da Ubangijinsa, in kuma rage surutu in ɗaga ƙafa.

Na yi watanni ina jiran in ji abin da iskar za ta yi. Duk wanda ya zo daga ƙauyen sai na tare shi da tambaya. Abin da na samu shi ne kawuna ya yi faɗa kamar zai ari baki, ya daɗe ba ya gaishe ta, sai da ya je har kasuwar Mahuta ya samo wani jan zakaran. Da damina akuyar kakata ta mutu. Kawu ya ce ga shi nan an gani, ita kuma ta ce akuyar ta girmi haƙoranta, ko ba zakara za ta mutu. Har suka bar duniya ba su daidaita a kan akuyar nan ba.

Yanzu da na tsufa nakan yi ta juya abin a raina. Babu wanda ya bar addininsa a cikinsu, ita ta rasu a kan nata, shi a kan nasa. Kowannensu dai ya matsa taku ɗaya daga inda ya kafe, kuma kowanne ya san abin da takun ya ci wa ɗan'uwansa. Ni da na fito neman sanin sirrin iskoki, sai na koma gida da sanin yadda ake soya kaza, da kuma sanin cewa mutum kan yi shekaru yana jiran a ci abincinsa.

Amma abin da ya fi zauna mini shi ne inda na same ta bayan na kai masa akushin. Suruka ba ta kallon suruki yana ci, don haka ta koma bayan rumbu ta tsuguna, kunnenta a jikin danga. Ko ɗanɗana naman ba ta yi ba. Na buɗe baki zan ba ta labari ta ɗaga mini hannu. Muka yi tsit. Can sai muka ji ƙas, ƙas, daga gindin ɗorawa.

Ta damƙe hannuna, hawaye na bin kumatunta, tana dariya ƙasa-ƙasa.

"Kin ji? Ƙashi yake fasawa. Mai ci don kara ba ya fasa ƙashi."