Kuɗin Farko na 'Yata

'Yata ta biyu 'yar tsere ce. Tana shekara ta biyu a jami'a a Birmingham wani kamfanin takalma ya fara biyanta don ta riƙa sa kayansa a filin gasa. Makarantar ta shirya musu zama kan yadda ake riƙe irin wannan kuɗi, aka ce iyaye ma su zo. Na ce mata ƙafata na ciwo. Ƙafata lafiya lau. Ni da girmana na koyi karatu, a ajin yaƙi da jahilci, kuma har yau in aka miƙo mini takarda a gaban mutane sai in nemi hanyar zamewa.

Da kuɗin farko ya shigo ta hawo jirgin ƙasa ta zo Longsight, unguwar da muke zaune, da murnarta. Na zuba mata tuwo, na jira ta ci, sannan na tuna mata yadda ake yi a gidanmu: samun farko ba a cinsa, rabawa ake yi wa manya su sa albarka.

"Mama, ba duka ne nawa ba fa. An ce mu ware na tax, ba a cire ba tukuna."

"Gudu kika iya, ashe har da rowa?" na ce da ita ina dariya. "Wa ya taɓa biyan haraji a kan takalmi?"

Ta miƙo wayar. Ni na lissafo mutanen: yayana da ke gida, gwaggonninta biyu, coci, aka tura musu kuɗin duka. Kwana uku ana kirana ana sa mata albarka, ni kuwa har wani daɗi nake ji.

Bayan shekara takardar haraji ta zo. Ba ta gaya mini ba. Ƙanwarta ce ta ce Yaya ta kama aiki a kanti Asabar da Lahadi, ranakun da ake gasa ke nan, kuma kamfanin ya fara tambayar me ya sa ba a ganinta a fili.

Na kira yayana da niyyar in roƙe shi ya maido ko rabi. Kafin in buɗe baki ya ce, "Kin ga kwanon da 'yarmu ta rufa mini? Bana ko ɗigo ɗaya bai shigo ɗaki ba."

Na ce madalla. Na tambayi damina, na gai da yara, na kashe wayar.

Kamfanin bai sabunta yarjejeniya da ita ba. Ranar da ta faɗa mini, cewa ta yi gwiwarta ce ke damunta. Na san gwiwar nan lafiyarta ƙalau, amma na tashi na ɗora mata ruwan zafi.