Ranar da Aka Aike Ni Sama Neman Kallabi

Ko na tsufa har na fara manta inda na ajiye carbina, ba na jin zan manta da ranar ƙarshe ta hutun da muka yi a Kaduna. Shekaru sun ja, ni ma na zama uwa, amma har gobe in na tuna wunin nan sai na yi tsaki ni kaɗai, daga baya kuma in ji idona ya kawo ruwa.

A ƙarshen shekarun tamanin ne, ina 'yar shekara goma sha biyu. Babanmu malamin firamare ne a Kalgo, asalinmu kuwa Gwandu. Ƙanensa da ke aiki a Kaduna, wanda muke kira Baffa, ya matsa a kawo masa yara dogon hutu su ga gari. Muka shirya: Baba, Inna, ni, ƙannena uku, da autarmu da ake goyo. Da muka biya Gwandu yin sallama, sai Goggo, yayar Baba, ta ce ai ita ma ta daɗe ba ta sa Baffa a ido ba. Kafin wani ya buɗe baki ta ɗaure ƙullin kayanta, ta shige gaban mota ta zauna.

A makon ƙarshe na hutun Baffa ya ce zai ba mu kwana uku cur a wurin wasan yara. Da safe ya sauke mu ya wuce ofis, da yamma ya dawo ya kwashe mu. Ni da ban taɓa ganin lilon da ya wuce igiya a reshen dalbejiya ba, da muka shiga sai na saki baki. Ga ƙananan motoci suna karo da juna ana ta shewa, ga ɗan jirgin ƙasa yana zagaye fili. Can tsakiya kuma ga babban lilon, kamar ƙafar keke aka tsayar, ya fi duk wata bishiya da na sani tsawo, da kujeru rataye a jikinsa suna hawa suna sauka. Tun da na ɗora ido a kansa na ce a raina, ko komai ban hau ba, wannan sai na hau.

Sai dai ni 'yar fari ce, kuma wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Iyaye suna kunyar ɗan fari. Inna ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido cikin ido in da mutane, ba ta tambayar ko na ƙoshi. In tana son in yi wani aiki, bango take kallo ta faɗa, ni kuma in san da ni ake. Baba ma haka, sai dai shi nasa da ɗan sauƙi. To duk wannan a gida ke nan, inda babu idon kowa. Ina ga an zo gaban Goggo, wadda aikinta ke nan lura da ko matar ƙanenta ta fara rashin kunyar nuna son 'yarta.

Saboda haka da aka shimfiɗa tabarma a inuwa, aka jera kulolin abinci da buta da takalma, sai Baba ya sayo tikiti ya rarraba wa ƙannena, ya tsallake ni kamar ba na wurin. Goggo ta kwanto auta daga bayan Inna ta miƙo mini. "Amshi ɗiyag ga ki goya, uwatta ta huta." Ranar farko ke nan. Rana ta biyu ma haka. Na zama mai gadin kuloli, mai korar ƙuda, mai raka ƙanne bayi, mai share majina. Su hau su sauko, su zo suna ba ni labarin yadda cikinsu ya yi a sama, har da kwatance. Ban taɓa jin ina son rufe bakin mutum da tafin hannu kamar a kwana biyun nan ba.

Rana ta uku ita ce ta ƙarshe. Washegari da asuba za mu kama hanyar gida, kuma yarinyar Kalgo a wancan zamani ba ta da tabbacin za ta sake ganin Kaduna a rayuwarta. In ban hau yau ba, shi ke nan. Na tashi da shirina. Na sa atamfata ta Salla, na ƙi ɗaukar zanen goyo da gangan, na bar shi a kan igiya a gidan Baffa. Muna isa Goggo ta zaro wani daga jakarta. Ashe ita ba ta fita sai da na ko-ta-kwana.

Da dabarar farko ta rushe sai na koma ta biyu. Na jawo ƙanwata mai bi na gefe, na ce ta je ta raɗa wa Baba a kunne, a kunne fa, cewa ni ma ina son hawa. Har alawar da na ɓoye na ba ta. Yarinyar nan ta jefa alawa a baki, ta yi taku uku, ta tsaya a tsakiyar fili ta ɗaga murya.

"Baba! Yaya tac ce a saye mata tikiti, wai ita ma tana son ta hau!"

Har mutanen tabarmar kusa da mu sai da suka waiwayo. Baba ya shiga gyara hularsa. Inna ta duƙufa kan kula tana goge murfin da ba abin da ya same shi. Goggo ce ta amsa.

"Wa? Wagga ƙatuwa? Budurwa awa ke, mi za ki yi bisa lilo, iska na ɗaga miki zane? Zamna ki jijjiga ɗiya."

Ƙatuwa! Ni da ko tulu cikakke ba na iya ɗorawa a kai sai an taimaka mini. In aikin gida ne yarinya ce ni, ba a shawara da ni. In wasa ne kuma na zama budurwa. Na koma na zauna ina jijjiga auta da ƙarfin da ya wuce kima, har ta fara shaƙuwa.

Bayan azahar Baba ya tashi ya sake zuwa tagar masu tikiti. Da ya dawo ya ba ƙannena nasu, sai na ga guda ya rage a hannunsa. Ya jujjuya shi, ya dubi sama, ya dubi bishiya, ya ajiye shi a bakin tabarma daidai ƙafata.

"Ah, ashe kure niy yi, na sawo ya yi yawa," ya faɗa wa bishiyar. "Ga guda nan ya yi saura. Wanda ka so shi ɗauka."

Murna ta rufe ni. Na gane sarai ba kuskure ba ne, malamin lissafi ba ya kasa ƙirga 'ya'yansa uku. Amma tarbiyya ta ce kada in yi wawaso, in ɗan ja aji na numfashi ɗaya ko biyu. Wannan jan ajin shi ya kashe ni. Ina cikin numfashi na biyu na ga hannu mai lalle ya miƙo ya tsince tikitin.

"Ba a asara gabana," in ji Goggo. "Bari ni ko in gano mi ɗiyan ga ka gani can bisa."

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige don takaici. Matar da ta gama cewa na yi girma da lilo, mai jikoki a Gwandu, ita ce ta gyara ɗaurin kallabinta ta ja hannun ƙannena ta nufi layi. Baba ya miƙe. Wa zai ce wa yayarsa ta ajiye? Ya ɗauki buta ya ce zai je ya sabunta alwala, alhali ko awa ɗaya ba a yi da idar da salla ba.

Ina zaune na ga an ɗaure Goggo a kujera. Da lilo ya fara tashi tana ɗaga wa Inna hannu. Da ya kai rabi ta daina. Da ya kai ƙoli sai muka jiyo salati tun daga can, duk da kiɗan da ke tashi a filin. Kowane zagaye in kujerarta ta sauko sai ta yi wa mai lilon magiya ya tsayar, shi kuma ya yi kamar bai ji ba. Allah ya yafe mini, amma ban ji tausayinta ko na ƙwayar gero ba. Tikitina ne take ihu a kansa.

Da aka sauke ta Inna ce ta je ta tallafo ta. Tana isa tabarma ta zube, ido rufe, tana cewa ƙasa na juyawa. Inna ta lulluɓe ta da mayafi, ta shafa mata ruwa a fuska, tana yi mata fifita da murfin kula. Ni kuwa ina kallon inuwa tana tsawo. La'asar ta yi, mutane sun fara naɗe tabarmi, kuma na san motar Baffa na iya tsayawa a bakin ƙofa kowane lokaci. Na juya baya don kada a ga hawayena.

Can sai Goggo ta kai hannu kanta ta shafa, ta yi zumbur. "Ina kallabina? Kallabina na Makka!"

Kallabin nan tun daga aikin Hajji ta zo da shi, ba ta ɗaura shi sai za ta wurin da take son a san ta je. Aka ɗaga tabarma, aka zazzage jaka, babu.

"Iska ta ɗauke shi can bisa, Goggo," in ji Inna, murya ƙasa-ƙasa. Sai na ji hannu a bayana yana kwance goyo. Inna ta karɓi auta ba tare da ta dube ni ba, ta kwance bakin zanenta, ta cusa mini kuɗi a tafin hannu ta matse. Fuskarta na kallon katanga ta ce, "A tahi a biɗo shi. Daga ƙasa ba a gani nai, wurin ga da hwaɗi. Sai an hau bisa an dibo."

Na tsaya sororo, ina jiran Goggo ta ce budurwa. Goggo ta buɗe ido ɗaya.

"Mi kika jira? Maza hau! In ba ki gano shi ba kak ki komo!"

Ban san ina da gudu haka ba. Mai tikiti har ya fara jan tagarsa na zura hannu. Mai lilon yana cewa hawan ƙarshe ke nan na faɗa kujera, takalmina ɗaya a hannu. Lilo ya yunƙura, cikina ya bar ni a ƙasa, na ƙanƙame ƙarfe. Sai ga rufin gidaje, ga kogi yana sheƙi, ga motoci sun zama ƙanana. Na yi ihu son raina, ba mai ce mini kul.

A zagaye na biyu na tuna wai aike aka yi mini, na leƙa ƙasa. Ban ga kallabi ba. Abin da na gani shi ne Inna ta bar tabarma, ta fito fili da auta a kafaɗa, ta kare rana da tafin hannu, tana bin kujerata da ido duk inda ta yi. Da na sauko kusa sai ta juya tana gyara wa auta hula.

Na dawo hannu biyu, ba kallabi. Abin da na sha a bakin Goggo ba ya faɗuwa. Washegari tun daga Kaduna har Zariya, daga Funtuwa har Gusau, ba ta da zance sai na rashin amfanina. An aike ni abu guda, na je ina washe baki a sama. Idanuna manya na banza. Ƙannena suka samu abin tsokana, duk tsumman da suka hango a bakin hanya sai su ce, "Yaya, ga shi can!" Har muka sauke ta a ƙofar gida a Gwandu tana juyowa tana nuna ni da yatsa. Inna ba ta ce uffan ba duk tsawon hanyar, kuma na ƙullace ta a kan haka.

Da muka isa Kalgo, kashegari da hantsi aka ce a wanke kuloli. Na kwashe su na kai bakin rijiya ina ƙunƙuni. Na buɗe babbar, wadda aka zuba dambu a ranar ƙarshe, sai na ga abu naɗe a ƙasanta cikin leda. Kallabin Goggo ne, an linke shi tsaf, ko maiƙo bai taɓa shi ba.

Na ɗaga kai. Inna na bakin murhu, ta ba ni baya, tana hura wuta.

"A wanke shi a goge," ta ce wa murhun. "In an samu mai zuwa Gwandu a ba shi. A ce cikin kaya anka ishe shi."

Har ta koma ga Allah ba mu taɓa tayar da zancen ba. Matar da ban taɓa jin ta yi ƙarya ba, ita ce ta yi wa yayar mijinta ƙarya, ta ɓoye mata kallabin Makka, don kawai 'yar da ba ta iya kiran sunanta ta hau lilo sau ɗaya.

Har yau ina jin haushin kwana ukun nan, ba zan ɓoye ba, kuma ni tawa 'yar farin da sunanta nake kiranta a gaban kowa, wanda zai yi magana ya yi. Amma tun daga bakin rijiyar nan na daina saurin cewa wane bai damu da ni ba don kawai bai faɗa ba. Nakan tsaya in duba abin da ya yi, da abin da yin ya jawo masa. Shekara goma sha biyu ina zaton Inna bango take kallo, ashe duk abin da nake so tana sane da shi, hanya kawai take nema.