Ranar da Yaya ta Kama Sunana

Shekaranjiya na raka ƙanwar mijina shagon da ake manna wa takardu leda, a bakin titin Gyaɗi-Gyaɗi. Warin ledar mai zafi ya bugi hancina. Kamar an mayar da ni daminar da na cika sha takwas, lokacin da na yi ta zarya da fayil a hammata, takalmina duk taɓo.

Ni 'yar fari ce. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, na tashi a ɗakinta a nan Gyaɗi-Gyaɗi, mahaifiyata kuwa tana Daurawa. Kun dai san alkunyar ɗan fari. Ba ta kama sunana, ba ta haɗa ido da ni. In na je gidan sai ta ce wa ƙannena a zuba wa 'yar Kaka abinci. Ni ma Yaya nake ce mata. Ina ƙarama ban damu ba, don Kaka ta sangarta ni da ɗumame da ƙuli-ƙuli. Da na yi wayo abin ya riƙa ci mini rai, ban dai taɓa furtawa ba.

A daminar nan na samu gurbi a makarantar koyon jinya. Aka ce in kai lambar katin ɗan ƙasa kafin Juma'a ta sama, in ba haka ba a ba wata gurbin. Masu katin suka ce sai da takardar haihuwa, ni kuwa a gida aka haife ni, ungozoma ba ta da biro. Aka tura ni kotu in yi takardar shekaru, can ma aka ce sai uwa ko uba ya zo ya rantse. Baba direban tirela ne, yana kudu, kuma motar ta lalace masa a hanya.

Ban iya zama wuri ɗaya a kwanakin nan ba. Na tambayi Kaka ranar da aka haife ni, ta ce shekarar da aka haƙa rijiyar gidan nan ce, ana gab da azumi. Na ce mata magatakarda ba ya rubuta rijiya. Wani a ƙofar kotu ya ba ni shawara in samo kowane dattijo ya tsaya a matsayin Baba, a rubuta farkon shekara kamar yadda kowa ke yi. Kaka ta ce muddin tana numfashi ba za a yi rantsuwar ƙarya a kaina ba.

Dole na nufi Daurawa. Na tarar da Yaya tana tankaɗe a tsakar gida. Na durƙusa na yi bayani tiryan-tiryan. Ba ta ɗago ba, sai ta dubi ƙanwata ta ce a gaya mini in jira Babanmu. A nan zuciya ta ɗebe ni.

"Yaya, in ba ke kika haife ni ba, ki faɗa mini in je in nemi wadda ta haife ni."

Rariyar ta tsaya a hannunta, can kuma ta ci gaba da tankaɗenta. Na fito babu sallama, na tako har gida ruwa yana dukana, ina jin haushinta ina jin haushin bakina.

Kwana biyu bayan haka, da safe, sai ga Yaya cikin hijabi. Ta gaishe da Kaka, ta ce mai adaidaita yana jira a waje. Muka kama hanyar kotu.

Magatakardan ya tambaye ta sunan yarinyar da abin da ke tsakaninsu. Ta sunkuyar da kai. Ya maimaita, mutanen da ke layi suka fara tsaki. Na ji kamar in kama hannunta mu tafi, a bar karatun. Sai na ji ta faɗi sunana, cikakke.

"'Yata ce. Ni na haife ta."

Ta kawo rana da wata, na Musulunci da na boko, har ta ƙara da cewa bayan la'asar ne, abin da ba a ma tambaye ta ba. Ashe shekara sha takwas tana riƙe da shi. Na fashe da kuka a gaban mutane, ita kuwa ta dangwala yatsa ta yi waje. Da muka shiga adaidaita ta ce wa mai tuƙin a fara sauke 'yar Kaka.

Yau ni ce ke zaune da biro ranar rigakafi. Matasan iyaye suna rattabo mini sunan ɗan fari ko gezau, da takardarsa tun bai yi arba'in ba. Ni ma tawa 'yar farin ina kiranta daga safe har ta gaji da amsawa. Yaya ta tsufa yanzu, ni ke auna mata hawan jini, ita kuma tana kallon bango. Ba ta sake kama sunana ba, kuma na daina jira. Sau ɗaya na ji shi a bakinta, kuma har yau ban iya ba ta haƙuri kan maganar da ta sa ta faɗe shi ba.