Furen da Inna ta bi da yatsa

Ko me zan manta a duniya, ban da yammacin da Inna ta duba aikin hannuna.

Inna ce ke zana wa amaren unguwarmu Bagadaza lalle kafin ciwon suga ya tafi da idanunta. Ni kuwa sai bayan ta makance na koyi sana'ar, daga bakinta kawai. Mutane na ta yabo, ita ko uffan. To me za ta ce? Ɗanyen lalle ba ya taɓuwa, in an wanke kuma fata sumul. Wallahi abin ya daɗe yana ci mini rai.

Ran nan maƙwabciyarmu, malamar yara makafi, ta shigo da wani ɗan allo mai ƙananan ƙusoshi marasa tsini. In an tura masa hoto daga waya, sai ƙusoshin su taso su yi siffarsa. Muka sa hoton hannun wata amarya da na yi wa zane. Inna ta shafa, ta sake shafawa, ta yamutsa fuska.

"Wannan ai magogin kuɓewa ne! Ina furen?"

Malama ta yi dariya ta ce, "Mama, yi haƙuri, mun cika masa kaya. Ido ne ke haɗiye abu gaba ɗaya, yatsa sai kaɗan-kaɗan." Ta share komai ta bar fure guda da ganyensa, ta ƙara masa girma, layin gefensa kaɗai.

Rana ta yi sanyi, inuwar darbejiya na lilo a kan tabarma. Yatsan Inna ya kama layin yana bi a hankali, leɓenta na motsi, fuskarta ta saki kamar mai mafarki. Ya zagaya, ya lanƙwasa, sai ya tsaya cak.

"Ke, wa ya koya miki murɗa wutsiyar nan ta hagu?"

"Ba kowa, Inna."

"Haka uwata take yi. Ban taɓa faɗa miki ba." Ta share ido da bakin mayafi. "Amma ganyen ya yi ƙiba, ki rage."

Na fashe da kuka, ina dariya. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Daga nan na gane, yabon duniya bai kai gyara ɗaya daga bakin wanda ya san abin da kake yi ba. Har yau, shekaru bayan rasuwarta, siraran ganye nake zanawa.