Ni da Ƙurajena a Ƙarƙashin Bahar Maliya

Mahjar, biyar da minti ashirin

Ranar Asabar ana idar da sallar asuba na tsaya a ƙofar gida a unguwar Mahjar ta Jidda da jakar leda, ciki da tawul da gajeren wando, a kaina kuma hular da ke rufa wa sanƙona asiri. Yaya Usama, wan matata, ya iso da tsohuwar motarsa wadda ƙofar gaba ba ta buɗuwa sai an yi mata magana da gwiwa. Shi haifaffen Jidda ne, kakansa ya zo hajji bai koma ba, don haka Hausarsa rabi ce, Larabci ke cike sauran.

"Yalla ya Abu Maryam, shiga mu tafi!"

Ga dalilin tafiyar. Shekara goma sha bakwai ina gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Jidda, ƙarshen watan kuma zan tattara in koma Funtuwa gaba ɗaya. Duk tsawon nan ban taɓa sa ɗan yatsa a teku ba, alhali kowane zuwa gida sai na tara mutane ina ba su labarinta kamar ni na haƙa ta. Sai wani mai gida a Abhur, can bakin teku, da na yi wa gyara ya ba ni kyautar nutson gwaji na yini ɗaya, irin wanda ake goya wa mutum tulun iska a baya. Yayata Binta da ta ji, cewa ta yi a waya: "Habu, kai da ko a madatsar ruwan garinmu tsayawa kake a baki kana riƙe wa mutane takalma? Sai na ga hoto."

Akwai kuma abin da na ɓoye. Ina da shekara arba'in da huɗu ƙuraje suka feso mini a fuska kamar ɗan sakandare. Likita ta ɗora ni kan wata ƙwaya, kullum ɗaya, na yi wata biyu ina sha. Ban da matata babu wanda ya sani. Duk mai tambaya ce masa nake sauro ne.

Shingen 'yan sanda, shida saura kwata

Kafin mu hau babban titi aka tsayar da mu. Ɗan sanda ya ce iƙama, wato katin izinin zama. Na zaro walat, sai ga katin ƙwayoyin ya biyo ta ya faɗa kan cinyar Yaya Usama. Ɗan sandan ya ɗauka, ya karanta, ya haska fuskata, ya miƙo mini yana danne dariya.

"Salamtak ya Hajj, Allah ya ba ka lafiya. Ɗana ma shi yake sha."

Ba mu yi nisa ba Yaya Usama ya gangara gefen titi ya kashe mota.

"Ashe ba sauro ba ne?"

"Ba sauro ba ne, Yaya."

"Kuma da wannan a cikinka za ka shiga ƙasan bahar? Wallahi haɗari! Ruwa zai matse ka, ƙwaya ta fashe, bum, halas."

Na ce ai ta jiya ta narke tuni. Ya ce wadda ta narke ta fi sharri, don ta riga ta san hanyoyin jiki. Dariya na yi, amma maganar ta shige ni. Wata biyu ina haɗiyar abu, ban taɓa tambayar ko yana jituwa da zurfin ruwa ba.

Ruwais, shida da rabi

Mun tsaya karya kumallo wurin wani mai ful da tamis, wato dafaffen wake da faffaɗan burodi mai zafi, abokin Yaya Usama ne tun suna yara. Riyal goma sha biyu muka ci muka ƙoshi har da shayi. Kafin in kai loma ta biyu surukina ya riga ya sanar da duk shagon abin da ke fuskata da abin da ke aljihuna.

Mai ful ya ce shi abin da ya sani, kifi yana jin ƙanshin magani a jikin mutum daga nesa, musamman manyan. Wani direban tasi ya ce ƙarya ne, ruwan gishiri kashe ƙarfin magani yake, sai an sake daga farko. Wani tsoho da ke kusurwa ya ajiye kofinsa ya ce shi abin da ke damunsa ƙurajen ne da kansu: idan aka yi ƙasa za su shige ciki, in aka taso su fito ta wani wurin.

"Ta ina, Baba?" na tambaya.

"Allah ne masani," in ji shi.

Nan na haɗiyi ƙwayar ranar da kofin ruwa cike, yadda aka umarce ni, mutum bakwai suna kallon maƙogwarona.

Abhur, bakwai da minti arba'in

Daga Mahjar zuwa nan ya haura kilomita arba'in. Mai koyar da nutson Kaftin Tijjani ne, Bahaushen Sudan, dogo, ba ya son wasa kafin a shiga ruwa. Ya ba ni takarda mai tambayoyin lafiya. A ƙasa aka tambaya ko ina shan wani magani da likita ya rubuta.

Na ɗora biro a kan wurin ina lissafi. In na ce e, wataƙila a hana ni, ga shi babu wata Asabar ɗin da ta rage mini. In na ce a'a, ni kaɗai zan san abin da na tafi da shi ƙasan teku, ga 'yata Maryam da uwarta suna jirana a gida. Na rufe ido na rubuta e. Da ma ban wahalar da kaina ba, don ina ɗagowa na ji Yaya Usama a bayan kanti yana ba Kaftin labarin tun daga shingen 'yan sanda.

"Ka kyauta da ka faɗa, ya Hajj," in ji Kaftin. "Ni ba likita ba ne, mai ful ma ba likita ba ne. Ga asibiti can bayan gidan mai. In ba sa hannu, ba jirgi. Tara da rabi muke tashi."

Asibiti, takwas da kwata

Likitar yarinya ce da ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta karɓi katin.

"Doksisaiklin. Tun yaushe, ya ammi?"

Wannan "ammi", wato baffa, ya fi ƙurajen yi mini ciwo. Na ce wata biyu. Ta tambaya ko yana sa ni jiri, ko tashin zuciya, ko gudawa, ko ciwon kai mai dishe gani. Na ce ko ɗaya. Ta auna jini, ta leƙa kunnuwa, ta saurari ƙirji.

Ta ce wannan maganin ba a san shi da rigima da zurfin ruwa ba, abin dubawa shi ne yadda yake yi wa mutum a tudu. Da jiya na fara, da ba ta sa hannu ba sai an ga yadda jikina ya karɓe shi. Akwai kuma ɗan'uwansa, minosaiklin, da ke sa wasu jiri, kuma mai jiri a ƙasan ruwa ba ya sanin sama da ƙasa.

"To fashewa fa, ya Diktora?" in ji Yaya Usama.

"Me zai fashe?"

"Shi."

Ta kalle shi ta saman tabarau har ya koma ya zauna. Sannan ta juyo gare ni ta ce abokin gabata yau rana ce, don maganin yana sa fata saurin ƙonewa.

"Diktora, dubi launina," na ce. "A kan rufin gidaje nake aiki."

"Da hula da dogon hannu kake aiki. Ka shafa mai, ka zauna a inuwa."

Ta sa hannu. Na sayi man kariyar rana a kantin magani, na lafta wa fuska da wuya har Yaya Usama ya ce na koma kamar bangon da aka yi wa farar ƙasa.

Cikin jirgi, tara da rabi

Tafiyar minti arba'in muka yi. Aka cusa ni cikin baƙar rigar roba, aka sa mini takalman agwagwa, aka ɗaura dalma a ƙugu. Kaftin ya koya mini numfashi ta baki, da toshe hanci a hura don kunne, da alamun hannu. Ya ce in cire hula. Na cire. Inuwar jirgin kuwa Yaya Usama ya mamaye ta, kwance yana amai a bokiti, shi da bai sha ƙwayar kowa ba.

Da na faɗa ruwa abin da na fara yi shi ne ƙoƙarin komawa jirgi. Kaftin ya riƙe kafaɗata, ya sa idonsa cikin nawa, muka bi igiya a hankali zuwa mita shida. Ina ta sauraron cikina ko zan ji alamar fashewa. Shiru. Wani kifi mai ɗorawa da baƙi ya nufo fuskata kai tsaye, na ce shi ke nan, maganar mai ful ta tabbata. Ya dube ni, ya dubi ƙurajen, ya juya abinsa.

Daga nan na manta da kaina. Duwatsun murjani ne jere kamar unguwa, kifaye shuɗɗa da jajaye suna shiga suna fita, haske na saukowa zare-zare, ba ka jin komai sai numfashinka. Shekara goma sha bakwai ina hawa rufin garin nan ina hango ruwan, ban san akwai wani garin a ƙasa ba. Hawaye suka zo mini cikin tabarau, na rasa yadda zan share. Kaftin ya ɗauke ni hoto. Muna hawowa na tura wa Yaya Binta, ta amsa da cewa wannan mai fuskar roba zai iya zama kowa, amma tumbin nawa ne, ta yarda.

Murna ta sa na zauna a gaban jirgi har muka dawo, kai a buɗe, ina ba matuƙi labarin abin da yake gani kullum.

Mahjar, biyar na yamma

Tun a mota na ji kamar an kifa mini kasko a ka. Fuskar da na shafe lafiya lau. Sanƙon da na manta da shi kuwa ya yi jawur yana sheƙi, ya kumbura, hula ta ƙi zama. Haka na shiga unguwa da jiƙaƙƙen tawul a ka, maƙwabta suna yi mini barka da umara.

Na tarar da surukata Hajja ta zo. Ta ɗaga tawul ɗin ta yi salati.

"Ya waladi, teku aka ce ka shiga ko tanda?"

Ta zaunar da ni a tsakar ɗaki, ta ɗauko kindirmo mai sanyi ta shafe kan da shi, matata na yi mini fifita tana dariya har da riƙe ciki. Da safe na kira likitata, ta ce ruwan sanyi ya isa, in ya yi bororo in zo ta gani, kindirmon kuma a bar wa masu sha.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Kaftin Tijjani da ya ƙi ɗaukata sai da sa hannu, da Diktora da ta faɗa mini gaskiya na ji rabi. Yaya Usama ma na gode masa, duk da cewa kwana uku bayan nan na je gyara wani gida a Ruwais, matar gidan da ban taɓa gani ba ta leƙo ta bayan labule ta ce, "Sannu malam, kai ne wanda bai fashe ba?"